Kudancin Bronx: Yadda Unguwa ta Ƙone, da Yadda Birni ya Tayar da Ita



 An ɗora mini nauyin yin magana kan yadda hukumar birni kan sa hannu wajen samar wa mai ƙaramin ƙarfi gida mai araha, da yadda ake farfaɗo da unguwar da ta mutu. Fagen yana da faɗi, in aka ce za a bi shi a dunƙule sai a ƙare da nasihar da kowa ya riga ya sani. Shi ya sa na ɗauki unguwa guda zan bi sawunta: Kudancin Bronx, a birnin Niyok na Amurka. Lalacewarta ta kai maƙura, kuɗin da aka kashe wajen gyaranta a rubuce yake, sa'annan a yau akwai masu jin Hausa da yawa, 'yan zango daga Gana, da mutanen Nijar da Najeriya, suna zaune cikin gidajen da zan ba ku labari. Wasunku ma na san kuna da ɗan'uwa ko suruki a can.

Bronx ɗaya ce daga gundumomi biyar na Niyok. A farkon ƙarni na 20, da layukan jirgin ƙasa suka isa can, aka cika kudancinta da benayen haya masu hawa biyar, hawa shida, ƙofa a jikin ƙofa. Yahudawa da 'yan Ailan da Italiyawa masu aikin masana'anta su ne suka fara zama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai baƙaƙen fata daga kudancin Amurka da mutanen Puerto Rico suka riƙa shigowa neman aiki, daidai lokacin da masana'antun suka fara barin birnin, fararen fata masu ɗan hali kuma suna ƙaura zuwa sababbin garuruwan bayan gari. Bankuna suka ja hannu. Tun a shekarun 1930 aka zana taswirori aka shafa wa irin waɗannan unguwanni jan launi, ma'ana kada a ba da bashi a nan. Mai bene da rufinsa ke yoyo ba shi da inda zai ranci kuɗin gyara.

Sai ga Robert Moses, mutumin da ya yi shekaru fiye da arba'in yana shimfiɗa wa Niyok hanyoyi da gadoji ba tare da an taɓa zaɓensa ba. A 1948 ya fara ratsa tsakiyar Bronx da wata babbar hanya. A unguwar East Tremont kaɗai, a tsawon mil ɗaya, an tayar da iyalai fiye da 1,500. Matan unguwar sun kawo shawarar a karkata hanyar kaɗan ta bi ta gefen dandalin Crotona, inda kusan ba wanda za a taɓa. Moses ya yi kunnen ƙashi. Daga 1968 kuma aka fara shiga Co-op City a arewa maso gabashin gundumar, rukunin gidaje fiye da 15,000 sababbi fil, ya kwashe ragowar masu albashi mai kauri. Ku riƙe wannan: aikin gwamnati na gina gidaje masu kyau a wuri guda shi ya ƙara yashe wani wurin.

Yanzu mu shiga cikin kan mai gidan haya a 1974, domin a nan gobarar ta samo asali. Yana da bene mai iyalai talatin. Kuɗin man ɗumama ɗakuna ya yi tashin gwauron zabo tun rikicin mai na 1973, ga haraji, ga gyara, abin da yake karɓa a hannun 'yan haya kuwa bai rufe ba. Ba mai sayen benen ko a wulaƙance. Sai ya daina gyara. Ya daina biyan haraji. Ya daina sayen mai, a garin da ruwa ke ƙanƙara da hunturu. Ya ci gaba da karɓar haya har masu iya gudu su gudu. Ɓarayi su shigo su kwance bututun tagulla, ruwa ya malale hawa-hawa. Abin da ya rage mai daraja a jikin ginin shi ne takardar inshora. A sami yaro a ba shi 'yan daloli da galan na fetur, magana ta ƙare. Ba kowace gobara ce ta ganganci ba, har yau masana na jayayya kan wanne ya fi yawa. Tsofaffin wayoyin lantarki sun taka rawa, cunkoso ya taka, kuma hukumar birnin da kanta, bisa wani lissafi da cibiyar RAND ta yi mata, ta rufe tashoshin 'yan kwana-kwana da dama a shekarun 1970, akasari a unguwannin da wutar ta fi ci. Tsofaffin mazauna na ba da labarin yadda ake kwantar da yara da takalmi a kusa, kaya a ɗaure bakin ƙofa. Tsakanin 1970 da 1980 akwai yankunan ƙidaya bakwai a Bronx da suka rasa fiye da kashi 97 cikin 100 na gine-ginensu. Gundumar ta sauko daga mutum miliyan 1.47 zuwa miliyan 1.17.

Ita hukumar kuwa a lokacin ta kanta take yi. A 1975 Niyok ta kusa kasa biyan basussukanta, shugaba Gerald Ford ya fara cewa ba zai ceto ta ba. A 1976 kwamishinan gidaje na birnin, Roger Starr, ya fito fili ya ce a janye ma'aikata daga irin waɗannan unguwanni, a rufe makarantu da tashoshin jirgi, a bar su su mutu, a tattara mutane a inda za a iya ɗaukar nauyinsu. An yi masa caa, bai daɗe a kujerar ba, amma abin da ya furta shi ne abin da ake aikatawa a ɓoye.

Ranar 5 ga Oktoba 1977 shugaba Jimmy Carter ya tsaya a titin Charlotte, ba komai a bayansa sai tarin bulo da kangaye, aka ɗauki hoton da ya zaga duniya. Aka yi alkawari. Shirin gina gidaje sama da 700 a wurin ya mutu a hannun majalisar kasafin birnin a 1979. A watan Agusta 1980 Ronald Reagan, yana neman ƙuri'a, ya zo wannan titi don ya nuna gazawar Carter, ya ce bai ga irin wannan ba tun Landan bayan ruwan bama-bamai. Mutanen unguwa suka yi masa ihu, shi ma ya ɗaga murya ya ce ba abin da zai iya musu in ba a zaɓe shi ba. Aka zaɓe shi, ya zabtare kasafin gidaje na tarayya. Titin Charlotte ya zama wurin ɗaukar hoton 'yan siyasa.

Waɗanda suka fara aikin gaske su ne waɗanda ba su da inda za su. A 1968 wani limamin coci, Louis Gigante, ya kafa ƙungiyar SEBCO a yankin Hunts Point. A 1974 Genevieve Brooks da maƙwabtanta suka kafa Mid-Bronx Desperadoes. A titin Kelly, wanda ya lanƙwashe kamar ayaba, mazauna suka shiga benaye uku da hukuma ta sa wa ranar rusau, suka kwashe shara da hannunsu, suka koyi aikin kafinta da na famfo, guminsu ya zama kuɗin hannun jarinsu. Daga nan ƙungiyar Banana Kelly ta fito, a ƙarshen shekarun 1970. Ina girmama waɗannan mutane matuƙa, amma gaskiya ɗaya ce: da an bar su da guminsu kaɗai, da sun gyara bene goma, ashirin, wuta ta ci gaba da cin ɗari. Abin da suka samar mai tsada shi ne hannun da za a iya danƙa wa dukiya, wanda ya san wane ne ɗan haya na gari, wane ne ɗan kwangilar da ke gudu da kuɗi.

A titin Charlotte ɗin, Edward Logue, wanda aka ba shugabancin ofishin raya Kudancin Bronx, ya haɗa kai da ƙungiyar Genevieve Brooks suka yi abin da mutane suka ɗauka wasa ne. Suka kawo gidaje 89 na ƙasa, irin na bayan gari, waɗanda aka harhaɗa a masana'anta aka ɗauko a manyan motoci, kowanne da ɗan tsakar gida da farin shinge, aka sayar a kan kimanin dala 50,000. Direbobin bas da ma'aikatan jinya suka yi layi. Masu tsara birane sun soki aikin, kuma suna da hujja: wurin da dubbai suka zauna, kusa da tashar jirgi, a ce iyalai 89 ne kawai, ɓarnar fili ce. Ni ma haka nake gani. Sai dai amfaninsa ya wuce yawan ɗakunan. Ya nuna wa banki da hukuma cewa akwai mai albashi da zai sa hannu a bashin shekara talatin don ya zauna a titin Charlotte, kuma bayan an ga haka lissafi ya canja.

Babban al'amarin ya zo ta wata ƙofa da ba wanda ya shirya. A 1976 birnin ya sauya doka: wanda ya yi shekara guda bai biya harajin gini ba, hukuma na iya ƙwacewa, maimakon shekara uku. An yi haka don a tsorata masu gidaje su biya. Su kuwa abin nema ya samu, suka saki benayen suka yi gaba. Kafin 1979 hukumar birnin Niyok ta wayi gari da mallakar muhallin iyali kusan 100,000, kimanin 60,000 kangaye, 40,000 da mutane a ciki. Ta zama babbar mai gidan haya, kuma mafi muni, domin ma'aikatanta ba su san ma adadin tukwanen ɗumama ruwa da suka mutu ba. Amma wannan kaya da ya zame mata ƙarfen ƙafa shi ne daga baya ya zama jarinta. Duk wanda ya taɓa gini ya san fili ne ke fara cinye kuɗi da lokaci. Ita kuwa ga shi a hannunta, layi-layi, da titi da magudana da bututun ruwa da tashar jirgi duk a shimfiɗe tun zamanin kakanni.

Magajin gari Ed Koch, wanda ya riƙe birnin daga 1978 zuwa 1989, ya jira har aka farfaɗo aka koma iya cin bashi a kasuwa. A 1986 ya bayyana shirin shekara goma, wanda daga baya aka faɗaɗa zuwa dala biliyan 5.1, da burin ginawa ko gyara muhalli 252,000. Ba a taɓa ganin wani birni a Amurka ya zuba kuɗinsa na kansa haka a gidaje ba. Galibin kuɗin daga kasafin manyan ayyuka na birnin ya fito, wato aka ɗauki gida aka sa shi layi ɗaya da gada da makaranta, abin da ake rance a gina a biya a hankali. Wani kaso ya fito daga ribar Battery Park City, unguwar masu kuɗi da aka gina a filin hukuma a Manhattan. Shirin ya wuce zamanin Koch, magadansa David Dinkins da Rudolph Giuliani suka ci gaba da shi duk da ba sa ga maciji da juna a siyasa, kuma zuwa shekarar 2000 an gina ko an gyara muhalli fiye da 180,000.

Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne hukumar ta san iyakarta. Ba ta ce ita za ta zama magini kuma mai karɓar haya ba. Ta buɗe hanyoyi da yawa. Kangaye akan haɗa su rukuni-rukuni a ba ɗan kwangila ko ƙungiyar unguwa a kan dala ɗaya, a ba da bashi mai kuɗin ruwa kashi ɗaya cikin ɗari, banki ya cika sauran, da sharaɗin hayar ba za ta wuce kaza ba, kuma a keɓe wani kaso ga iyalan da ke kwana a matsugunan marasa gida. Benen da ke da mutane a ciki kuwa, akwai tsarin da aka fara tun 1978: 'yan haya su kafa ƙungiya, su karɓi ragamar ginin na gwaji, su tara haya, su sayi mai, su rubuta kowane sisi. In sun nuna za su iya, a sayar wa kowane iyali sashensa a kan dala 250. Ku duba wannan da kyau. Matar da ta yi shekaru tana kwana da riga uku saboda sanyi ta zama ma'ajin kamfanin da ya mallaki benen, ita ke kiran mai gyaran rufi, ita ke ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta in wata ya yi nisa ba a biya ba. Wasu irin waɗannan benaye sun durƙushe, rigima da bashin ruwa suka cinye su. Da yawa suna nan har yau.

A Brooklyn aka yi wata dabara da daga baya aka kawo Bronx. Gamayyar coci-coci ta gabashin Brooklyn, tare da wani tsohon magini mai suna I. D. Robbins, suka ce za su gina gidajen mallaka a unguwar Brownsville, suka sa wa shirin sunan Nehemiya, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce ya sake gina ganuwar Urushalima. Coci-cocin suka tara asusu na miliyoyin daloli marar kuɗin ruwa. Yana aiki kamar adashi: a ɗiba a gina layin farko, a sayar, kuɗin ya dawo, a gina na biyu. Hukumar birni ta ba da fili kyauta da rancen dala 10,000 a kan kowane gida, marar ruwa, ba a biya sai ranar da mai gidan ya sayar. Hukumar jiha ta ba masu saye bashi mai sauƙi. Robbins ya dage a kan a ba shi fili babba a haɗe, ya gina ɗaruruwa iri ɗaya a jere, domin a nan arahar take. Gidajen farko, a 1983 zuwa 1984, an sayar da su a kan kimanin dala 40,000. Ba su da ado, masu zanen gini sun raina su. Amma masu gadi da masu aikin asibiti da suka saya sun riƙe biyan bashinsu da kyar a ji wanda aka ƙwace wa.

Gwamnatin tarayya ma ta taimaka, ta bayan gida. Dokar 1977 ta tilasta wa bankuna su ba da bashi a unguwannin da suke karɓar ajiya. Dokar haraji ta 1986 kuma ta kawo rangwame: kamfanin da ya sa kuɗi a ginin haya mai araha za a rage masa haraji tsawon shekara goma. Bankuna suka riƙa sayen wannan rangwame, kuɗin ya shiga bulo da siminti. Masu bincike a Jami'ar Niyok sun bi diddigi, suka ga darajar gidajen da ke kewaye da inda aka gyara ta tashi, harajin da birnin ke samu ya ƙaru. Kango guda kan kashe layi, gyaransa kuma kan sa maƙwabci ya sayi fenti.

Kada ku ɗauka hukuma ta zama waliyyiya. A farkon shekarun 1990 ma'aikatar tsara birni ta zana sabuwar unguwa a Melrose, layuka kusan talatin, ba tare da ta tambayi mutum dubu shida da ke zaune a wurin ba. Takardar ta nuna za a tayar da masu gidaje 78, 'yan haya 400 da shaguna 80, a gina wa masu matsakaicin hali. Wato waɗanda suka jure wutar, suka kwana suna gadin rufinsu, su za a kora yanzu da sauƙi ya zo. Yolanda Garcia, wadda danginta ke da shagon sayar da darduma a unguwar, ta tara mutane a 1993 suka kafa ƙungiyar Nos Quedamos, da Sifaniyanci “muna nan”. Ba su tsaya a zanga-zanga ba. Suka nemo masu zanen gini, suka riƙa zama kowane mako, suka bi gida-gida suna rubuta wanda ke son zama da wanda ke son tafiya, suka fito da tasu taswirar. A 1994 hukuma ta amince da tsarin da aka gyara, bisa ƙa'idar cewa ba wanda za a fitar daga unguwar ba da son ransa ba. A wurina wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna duk wani shirin sabunta unguwa da shi: a je bayan shekara goma da jerin sunayen mutanen da aka tarar, a ga nawa ke nan. Mu da muka ji labarin Maroko a Legas, inda aka share mutane kusan 300,000 a watan Yuli 1990 filin ya koma hannun masu kuɗi, ba ma buƙatar dogon bayani.

Ƙidayar 2020 ta nuna Bronx ta koma mutum miliyan 1.47, adadinta na 1970. Cikin waɗanda suka cika ta akwai mutanen Jamhuriyar Dominika da Meziko da Afirka ta Yamma. Yau a Morrisania da Highbridge za ka ji Hausa da Fulatanci da Soninke a bakin masallatan da aka buɗe a tsofaffin shaguna, ka sayi waakye ko tuwo ka ci. Direban tasi ɗan Kumasi da ke zaune a bene mai tsabta a kan hayar da zai iya, sau da yawa bai san cewa a 1980 itatuwa ne ke tsirowa ta tagar ɗakinsa ba.

To amma ruwa ba ya tsami banza, gyara ma yana da nasa ciwon. Araha a wannan tsari yarjejeniya ce mai wa'adi, galibi shekara talatin, kuma na zamanin Koch da yawa sun cika ko suna cika, sai hukuma ta sake biyan kuɗi don a sabunta. Lokacin da fili ba shi da daraja ba wanda ya damu da wa'adi. Yanzu da benaye masu tsada suka tashi a bakin kogi a Mott Haven, har wasu 'yan kasuwa suka kafa allo a 2015 suna neman sauya wa unguwar suna, kowa ya gane da an riƙe filin a hannun hukuma ko amintattun unguwa aka ba da ginin kawai, da an huta. Sai kuma ma'aunin arahar kansa. Ana cewa gida mai araha ne in hayarsa ba ta wuce kashi 30 cikin 100 na samun iyali ba, amma samun da ake aunawa da shi matsakaicin na yankin Niyok ne gaba ɗaya, har da attajiran Manhattan da garuruwan gefe. Kudancin Bronx kuwa ta daɗe tana cikin mazaɓu mafi talauci a Amurka. Sai a gina bene a ce mai araha ne, mai sayar da kaya a bakin titin da ke fuskantarsa bai kai samun da zai shiga ƙuri'ar rabon ɗakunan ba. Masu shiga ƙuri'ar kuma dubbai ne a kan 'yan ɗakuna, domin a 2023 gidajen hayar da ba kowa a birnin kashi 1.4 ne kacal cikin 100.

Ciwo na uku shi ne kulawa, kuma a nan abin ya taɓa mu kusa. Ranar 9 ga Janairu 2022 gobara ta tashi a benen Twin Parks mai hawa 19 a Bronx. An gina shi a 1972 a matsayin gida mai araha, a ƙarƙashin hukumar jiha da Edward Logue ɗin nan ya shugabanta, kuma a lokacinsa abin alfahari ne. Hitar lantarki ce ta kama a wani ɗaki. Wutar ba ta yi nisa ba. Amma ƙofar sashen, wadda doka ta ce dole ta rufe kanta, ba ta rufe ba, wata ƙofar matakala a sama ita ma a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, galibinsu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah ya jiƙansu. Bayan haka majalisar birnin ta tsananta doka kan irin waɗannan ƙofofi da kan sayar da hitar da ba ta kashe kanta. Yanke ƙyalle ranar buɗe gini kowane ɗan siyasa na so, kuɗin maɓallin ƙofa bayan shekara hamsin shi ne ba mai son ya sa a kasafi. Hukumar gidajen gwamnati ta Niyok, mai muhalli kusan 177,000, ta ƙiyasta a 2023 cewa tana buƙatar fiye da dala biliyan 78 don gyara kawai.

Na san tambayar da ke bakinku, ko wani abu daga wannan zai yi aiki a garuruwanmu. Ciwonmu daban ne. Unguwanninmu ba gudu ake yi daga cikinsu ba, cika suke yi suna tumbatsa, kuma hukumominmu ba su da harajin gini irin na Niyok da za su ci bashi a kansa. Amma ta fuskar fili gwamnoninmu sun fi Koch ƙarfi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa musu filayen birane a matsayin amana, shi kuwa sai da masu benaye suka gudu ya samu. Bambancin yana wajen inda ake kai aikin da wanda ake ba. Tun gidajen Shagari zuwa rukunan da jihohi ke ginawa yau, al'adarmu ita ce a fita bayan gari inda ba ruwa ba mota, a gina, a raba wa manyan ma'aikata, a bar tsohuwar unguwa da kwatarta a toshe, sai ranar da za a zo mata da katafila. Niyok ta kai kuɗin ne cikin tsohuwar unguwar, ta hannun mutanen da ta tarar.

Akwai kuma ƙulli guda da dole a kwance kafin a yi maganar gidan mallaka irin na Nehemiya. Mai gadin Brownsville ya sayi gida ne domin akwai mai ba shi bashin shekara talatin a kan takardar da kotu ta sani. Mu muna da Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, ana cire wa ma'aikacin gwamnati kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, kuma a ƙa'ida yana iya rance a kan ruwa kashi 6. Amma sai da takardar shaidar mallaka, gidajen cikin birni kuwa galibi na gado ne, shaidarsu mai unguwa da dattawan layi da wata takardar ciniki da ke ƙasan akwati. Matuƙar samun takardar gwamna na cin shekaru da kuɗin da ya fi ƙarfin magada, ginin kakanninsu ba zai jawo musu ko buhun siminti daga banki ba. Wannan aiki ne na ma'aikatar ƙasa da safiyo, ba ya buƙatar biliyan biyar, kuma ina ganin wasu ma'aikatanta a zauren nan, zan so in ji ta bakinsu.